Maido, Alkasim!

Talata, da hantsi

Jiya waɗanda suka shigo gidan kallo ba su cika benci biyu ba. A kaka fa! An yanke gero, an tone gyaɗa, kowa a Waca aljihunsa da ɗan nauyi. A da, irin wannan lokaci sai na sa an ɗage zanar baya don waɗanda ba su samu wuri ba su tsaya su leƙo. Jiya na tayar da gurup, injin wutarmu, na ƙona man esans a banza, na riƙe mikro ina ta zuba kamar mai tallar magani, bencina suna kallona ina kallonsu.

Hannun dama har yanzu a kumbure yake, da hagu na riƙe mikro. Hinda ta ce in je likita, na ce mata ƙofa ce ta datse ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Malam, Allah ya shirya ƙofar." Matar nan tawa ba ta da dama.

Abin da ya faru ran Juma'a a gidan Hajja, mahaifiyata, ba zan rubuta shi ba. Sunan wancan ma ba zai shiga nan ba.

Laraba, bayan azahar

Ni ban ji Indiyanci ba, ko "sannu" ban sani ba a ciki, balle Cananci. Lakwal ma, makarantar boko, a tsakiya na bar ta. Amma fuskar mutum ba ta da yare. In na ga yadda jarumi ya tsuke baki, na san abin da ke cinsa. Sai a rage muryar fim ɗin, in sa tawa. Aikina ke nan tun ina da baƙin gashi.

Na san akwai masu fassara a Kano, ana kawo nasu a katin wayar salula, sun fi ni sanin me ake cewa. Amma su ba su san Waca ba. Ni mugun fim sai in ba shi sunan wanda ke zaune a benci na uku yana cin rake, jakin da ya gifta in ce na wane ne da ya ɓace ran kasuwa. Mai sunan yana nan zaune, ya ramo mini, a kwashe da dariya, a tashi lafiya.

In wuri ya yi daɗi sai ɗaki ya ɗauka: "Maido! Maido, Alkasim!" Munir ya mayar da hoton baya, ni kuma in kawo sabuwar magana. Ban taɓa maimaita abin da na faɗa ba, ko da za a maido sau nawa. Da wannan nake taƙama, kowa ya sani.

Ga shi na rubuta sunansa. To, sai me? Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na ɗora hannunsa a kan inji.

Alhamis, da la'asar

Na bi ta lungun maƙera zan je sayen esans, sai na ji kaina ina magana a bayan katangar wani gida. Wallahi sai da na tsaya. Muryata ce, har da ɗan tarin da nake yi kafin in ɗaga ta. Yara suna ƙyalƙyala dariya. Na yi gaba, kusa da rijiya, wani gidan ma ni ne. A teburin mai shayi, samari sun haɗa kai a kan salula guda, ni ne dai. Suka gan ni, ɗaya ya ɗago ya ce, "Baba Alkasim, kana wuta!" Ya mayar da kansa.

Ina tsaye a gabansu da ƙafata, sun zaɓi na cikin salula.

Tun damina ashe ƙanen nawa yake ɗauka, sai ran Juma'ar gidan Hajja na sani. Wata siririyar waya ce ya ja daga mikro zuwa ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, ni ina ganinta, na zaci ta gyaran sauti ce. Ya haɗa muryata da hoton, yana tura wa mutane a kati a shagon cajinsa na bakin tasha. Duk garin nan sun sani. Ni kaɗai nake ta zagin rezon intanet da kwanon parabol na talabijin, ina cewa su suka kwashe mini mutane.

Juma'a, bayan masallaci

Sahu ɗaya muka tsaya da ƙanen nawa. Leɓensa bai gama warkewa ba. Ban dube shi ba.

Asabar, da magariba

Ƙande ta ɗauke kaskon awararta daga ƙofar gidan kallo. Shekara da shekaru tana nan, har ƙasar wurin ta yi baƙi da mai. Na same ta a bakin tasha, daf da shagon wancan, layi ya kai titi.

Na ce, "Ƙande, ko sallama?"

Ta ce, "Haba Alkasim, kai ma ka san awara ba ta jiran kowa. In ta huce wa zai saya?" Ta naɗo mini biyu a takarda. Na ce na ƙoshi. Ina juyawa na ji ta ce wa wata, "Zuciya dai, kamar ubansa."

Ban buɗe da wuri ba yau. Da na buɗe ma, ɗaya ne.

Litinin, da hantsi

Na je gaida Hajja. Tana tsintar wake a faifai, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa waken. Na daɗe a tsugune har ƙafata ta yi sanyi.

Can ta ce, "Hannun da ka ɗaga a gabana bai saɓe ba?"

Na ce, "Hajja, sata ya yi mini."

"Me ya sata? Ga bakinka nan a jikinka, tun ɗazu yake motsi."

Na yi mata bayani, ta bar ni na gama. Sai ta ce ita dai abin da ta sani, filin da gidan kallon yake kai na ubanmu ne, mu biyu ya bar wa, kuma wani ɗan kasuwa daga Magarya yana neman inda zai tara buhunan wake. Wai Munir ya ce a ba shi haya a raba, tunda ba kowa ke shiga ba.

Wake! A inda mutane suka yi dariya har wani ya faɗo daga benci ya karya haƙori. Na ce sai dai bayan raina. Ta ce, "Kul, kar ka ƙara yi mini wannan bakin a gida." Na tashi, ba ta ce in gaida gida ba.

Talata, da azahar

Jiya benci guda. Shi ma rabinsa barci suka zo yi.

Laraba, da la'asar

Ɗantsoho ya daina zuwa, kuma wannan ya fi duk sauran ci mini rai. Ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna yara yake kirana bawansa ina kiransa acici. Idonsa ya mutu shekarun baya, amma bai taɓa fashi ba. Bencin gaba, gefen hagu, da sandarsa tsakanin ƙafafu. Yakan ce shi ya fi kowa more fim, don shi Indiyawa ba sa shiga tsakaninsa da ƙaryata.

Yau na je na same shi a ƙofar gida yana tufkar igiya. Na yi sallama na ce, "Acici, an ce tuwo ya riƙe ka."

Bai rama ba. Tunda nake da shi bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Ya matsa mini tabarma kawai.

Akwai wani fim, wani ƙaton mutum yana bin jirgin ƙasa da gudu, tumbi na rawa. Wata rana a damina na ce, "Ɗantsoho, tsaya, tuwon bai nuna ba!" Ɗaki ya kife. Shi kuma ya ɗaga sanda ya ce, "Bawana, ai uwarka ce ke tuƙawa, dole in yi sauri!" Aka fi yi wa tasa dariya a kan tawa. Gwaggonsa ce, yana da wannan bakin a kanta.

Tawa ta shiga kati. Tasa ba ta shiga ba, don ba shi da mikro.

Ya ce makon jiya ya je kasuwar Sassumbrum a bayan kabu-kabu, zai sayar da igiya. Wani ya kira sunansa a gaisuwa, sai yara suka ji. Suka biyo shi rumfa rumfa: "Ɗantsoho, tsaya, tuwon bai nuna ba!" Har da manya masu gemu. Yana lalube da sanda, suna tafi.

Ya ce, "Alkasim, kai in ka faɗa, taubashina ne ya faɗa, ina da abin ramawa. Waɗannan su wane ne nawa? Ubansu wa na sani?"

Alkasim ya kira ni. Ba bawana ba. Na zauna ina taya shi riƙe bakin igiya har aka kira la'asar.

Alhamis, da safe

Allah ya isa tsakanina da siririyar wayar nan.

Asabar, da hantsi

Jiya na dawo da wuri, tunda ba wanda zan yi wa. Na shigo tsakar gida sai na ji ni a ɗakin Hinda, ƙasa ƙasa. Na ɗaga labule. Ita da maƙwabta biyu, sun kifa kai a kan salular ƴarmu Nazifa, Hinda ta toshe baki da gefen zane tana dariya har da hawaye. Maƙwabtan suka suri mayafi suka fice.

Na ce, "Har ke?"

Na zaci za ta ɓoye. Ba ta ɓoye ba. Ta goge ido ta ce, "Malam, tun da ka kawo ni gidan nan ake ce mini mijina ya iya baki. Matar aure ba ta shiga gidan kallo, kai da kanka ka ce. Ni abin da nake samu, ka dawo murya a dushe, ka ce a ba ka ruwan zafi. Sai bana na ji ka. Ashe haka kake?"

Na ce wannan ba ni ba ne, gawata ce ake yawo da ita.

Ta ce, "To gawar ta fi ka fara'a."

Na fita na zauna a zaure. Haushi nake ji, kuma ban san wa zan ba shi ba. Ta ce wai Hajja ma tana da shi, jikoki ke kunna mata. Hajja! Da ta ce mini bakina na jikina.

Lahadi, bayan azahar

Ya zo da kansa. Ya tsaya a ƙofar gidan kallo ina share ƙasa, ya ce, "Yaya, salamu alaikum." Na amsa don sallama ta Allah ce.

Ya ce bai yi don ya tozarta ni ba. Wai manyan gidajen sinima na birni ma an daɗe da rufe su, balle rumfar zana a Waca. Wai yanzu har a Yekuwa, inda sai da amalanke ake shiga, an san sunana. Wai in zo shagonsa, akwai ɗan ɗaki a baya, in zauna a kujera da fanka, in yi wa fim uku a rana, ba esans, ba sauro.

Na ce, "In yi wa wa magana? Bango?"

"Mikro, Yaya."

"In na faɗa, wa zai ramo?"

Ya ce mutane yanzu ba ramuwa suke so ba, so suke su kalla a kan gadonsu, su tsayar in za su yi salla. Na ce ya je ya gaya wa Ɗantsoho haka. Ya sunkuyar da kai. Aƙalla ya ji labarin Sassumbrum.

Da zai tafi ya ce Hajja na kiranmu gobe, mu biyu.

Litinin, da la'asar

Hajja ta yanke. Ran Asabar mai zuwa a buɗe gidan kallo kyauta, a yi shela. Munir ya koma kan inji kamar da, ni a mikro. In mutane sun cika, ba mai ƙara maganar wake. In ba su cika ba, in miƙa makulli ba tare da na buɗe baki ba.

Na ce na yarda. Na ce amma ba waya ko ɗaya da za ta fita daga mikrona. Ya ce ya ji.

Ta sa muka yi musabaha. Hannun bai gama warkewa ba, ya matse shi, ban nuna ba.

Laraba, da hantsi

Na wanke farin ƙyallen da muke haska hoto a kai. Na ɗaure ƙafar benci huɗu da suka yi kwance. Na sa an yi shela a kasuwa. Na sha zuma da citta.

Za su zo. Mutanen da na sa dariya ranar da fari ya cinye musu gona, za su zo.

Alhamis, da magariba

Na koma wurin Ɗantsoho. Na ce ran Asabar bencinsa na nan, na goge shi da hannuna. Ya ce ƙafarsa na ciwo. Na ce zan turo amalanke. Ya ce kunnensa ma na ciwo.

Na ce, "Wallahi tallahi sunanka ba zai fito daga bakina ba. Ko fim ɗin jirgin aka sa."

Ya daɗe yana murza igiya. Sai ya ce, "Bawa da rantsuwa. To, a gyara wa ubangida wuri."

Bawa ya ce. Na dawo gida ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka. Har na ci tuwo kwano biyu, Hinda tana tambaya ko lafiya.

Asabar, da azahar

Tun safe nake gwada mikro kamar ranar da na fara.

Lahadi, da hantsi

Sun cika. Bari in fara da wannan, don kar wani ya ce ban faɗa ba. Tun kafin a idar da isha'i benci ya ƙare, aka ɗage zanar baya, yara a kan katanga. Ƙande ta dawo da kaskonta tsohon wurinta kamar ba ta taɓa tashi ba. Ɗantsoho a gaba, gefen hagu, da sabuwar hula.

Na ce wane fim za a sa? Ɗaki gaba ɗaya: na jirgi! Na so in kauce, suka ƙi. Na ce to, ai bakin nawa ne.

Na fara. Murya ta fito tas. Jarumi ya shigo gari, na ce ga baƙo daga Dungas ya zo neman aure da takalmin aro. Na jira dariya. Kaɗan ta zo. Wani daga baya ya ce, "Ba haka ba ne!" Wani ya ce, "Cewa za ka yi ya zo sayen akuya!" Haka na faɗa a damina, a cikin kati. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba. Duk inda na kawo sabuwa sai su gyara mini. Sun haddace ni kamar karatun allo. Kafin in buɗe baki sun riga ni, in na faɗi wata daban su yi tsaki. Wani yaro da ban san ɗan wane ne ba ya ce, "Tsohon ya manta."

Sai ga ƙaton nan yana bin jirgi.

Ɗaki ya yi tsit, kowa ya shirya bakinsa. Na ce, "Direba, tsaya, ka tafi da surukata!" Wallahi magana ce mai kyau. A da, da sai an ɗauke wani a sume.

"Maido!"

Na ji daɗi na ɗan lokaci, Allah ya sani, na zaci maidon da na sani ne. Munir ya mayar. Na kawo wata. "Maido! Ba ita ba ce!" Ya dube ni, na gyaɗa kai, ya mayar. Na kawo ta uku. Suka fara buga benci: "Tuwo! Tuwo! Faɗi ta tuwo!"

Na sauke mikro na rufe bakina.

Ban san wane ne ba. Ba Munir ba ne, hannunsa na kan inji, ina gani. Wani ne a tsakiya ya ɗaga salula sama, ya ƙure mata sauti. Ɗan tarin nan nawa ya fito, sannan muryata, garau: "Ɗantsoho, tsaya, tuwon bai nuna ba!"

Rumfa ta kusa faɗowa. Suna nuna shi da yatsa, ga shi nan, ga Ɗantsohon a gaba! Waɗanda ke kan katanga suna tafi.

Ya lalubi sandarsa ya miƙe. Bai yi sauri ba. Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina ya ce, "Alkasim, kai ne ka faɗa?"

Na ce, "Wallahi ba ni ba ne. Bakina a rufe yake."

Ya ce, "To. Ni dai ba ni da ido. Murya na sani, kuma taka ce."

Aka buɗa masa hanya ya fita. Na bi shi, ya ce in koma, baƙina na jira. Da na dawo Munir ya tsayar da hoton, mutane na ihu. Ya ce, "Yaya, me za a yi?" Na ce ya sa musu katin. Ya ce, "Yaya..." Na ce ya sa. Na koma can baya inda aka ɗage zana na tsaya cikin ƴan leƙe, na kalli fim ɗin har ƙarshe. Sun yi dariya a duk inda ya kamata. Sun ce maido sau da yawa, kuma kowane karo wancan Alkasim ɗin ya faɗa musu daidai abin da ya faɗa.

Lahadi, da la'asar

Hajja ta aiko Nazifa da fura, wai a gaya mini na ci, gidan kallo ya tsaya, ba mai ƙara maganar wake.

Na ba Nazifa makullin na ce ta kai mata.

Litinin, da hantsi

Bencin gaba, da na fitar kafin in ba da makulli, na ɗauka a ka na kai ƙofar gidan Ɗantsoho. Aka ce yana ciki, ba ya jin daɗi. Na jingina shi a inda yake tufka, na jira har rana ta ɗaga. Bai fito ba.

Talata, da magariba

Lokacin tayar da gurup ya yi, jikina ya tashi da kansa, sai na tuna na koma na zauna. Ba wanda ya zo ya tambayi me ya sa ba a buɗe ba.

A gidan maƙwabta ina jin kaina ina bin jirgi. Wata ƙaramar yarinya ta ce, "Maido."

Aka maido.